Litinin Ɗin da Baba A-Sake Bai Yi Awo Ba

Ƙarfe bakwai da rabi yake buɗe ofis, kafin mai shara ma ta iso. Ba ya fara zama. Sai ya wuce ɗakin ƙarshe, wanda ba shi da taga, ya kunna na'urar sanyaya ɗaki, ya leƙa ma'aunin zafin da ke rataye a ƙusa, sannan ya kunna kwamfutar gwaji ya bar ta ta yi minti ashirin tana ɗumama. A cewarsa inji mai sanyi maƙaryaci ne, yana nuna ƙarfin da ba zai iya riƙewa ba. Cikin wannan minti ashirin ɗin yake haɗa shayinsa, ya cire tabarau ya murza idanu, ya miƙar da yatsun hannun damansa ɗaya bayan ɗaya da hannun hagu, don sun daina miƙewa da kansu. Shekara goma sha bakwai ke nan haka safiyarsa take.

Aikinmu a wannan ofis sharhi ne a kan wasannin kwamfuta, muna buga shi a shafinmu na intanet. In sabon wasa ya fito, mu marubuta mu buga shi mu gaya wa jama'a ko yana da daɗi. Sai kuma mu gaya musu ko zai yi tafiya sumul a irin kwamfutar da suke da ita, ko zai riƙa cijewa. Na biyun nan ba a faɗinsa da fatar baki, sai an auna. Ana ƙirga hoto nawa wasan ke iya fitarwa a allo cikin sakan ɗaya. In ya kai sittin, ido ya gamsu. In ya faɗo ƙasa da talatin, sai ka ga mutumin cikin wasan yana tafiya kamar wanda ya taka ƙaya. Duk lambar da za ta fita daga ofis ɗin nan kuwa sai ta bi ta hannun mutum ɗaya, ya duba ko an yi wa wasan adalci, ko yadda aka auna na jiya haka aka auna na yau. Baba A-Sake muke ce masa, kuma shi ya jawo wa kansa. Ka kai masa takardar da ka wuni kana haɗawa, ya dube ta ta saman tabarau, ya turo maka ita da yatsa ɗaya ya ce, "A sake."

Ni mai wannan rubutu ina cikin waɗanda suka fi kowa zaginsa a zuci, gara in faɗa tun yanzu. Wata rana a shekarata ta farko na kai masa awon wani wasa, ina ta murna na gama da wuri. Ya ce, "A ina ka tsaya?"

Na ce, "A bakin gada, Baba, inda ka ce."

"Ana ruwa?"

Na waiga wajen ƙofa, na ce ai yau ko hadari babu.

"A cikin wasan nake nufi. Awonka na farko rana ake yi, na biyu ruwa ake yi, shi ya sa suka bambanta da hoto tara. Ruwan sama nauyi ne ga inji. Je ka jira ya ɗauke."

Haka na koma na zauna, ƙato da ni, ina jiran ruwan ƙarya ya ɗauke a garin ƙarya. Ranar na yi niyyar ajiye aikin.

Tsarinsa ɗaya ne, ba ya canzawa. A kowane wasa yakan zaɓi hanya ɗaya mai tsawon minti ɗaya, daga wannan kwana zuwa waccan ƙofa, ya bi ta sau uku da tafiya iri ɗaya, ba ya waige, ba ya harbin kowa. In wani abu ya gitta masa a hanya, ya soke ya faro daga farko. Na taɓa tambayarsa wane wasa ya fi so cikin duk waɗanda suka bi ta hannunsa. Ya ce shi bai taɓa ganin ƙarshen ko ɗaya ba. Wasanni sun fi dubu, kowanne minti ɗaya ya sani daga cikinsa. A gida kuma jikokinsa na yi wa abokansu kuri wai kakansu wasa kawai yake yi a wajen aiki. Maiɗakinsa ta ce ta gaji da yi wa dangi bayani, duk wanda ya tambaya yanzu sai ta ce mai awo ne, kowa ya fassara yadda ya ga dama.

Akwai shekarar da wani babban kamfani ya aiko mana da sabon wasansa tare da wata dirkekiyar kwamfuta, wai a gwada shi a kanta. Edita ya yi ta zagaya ta yana shafawa. Baba ya ce a mayar da ita cikin kwalinta. Edita ya ce, "Haba Baba, kowa fa a kan irinta zai gwada, gobe duk za su buga." Baba ya ce wasan makon jiya a kan tamu aka auna shi, na makon gobe ma a kanta za a auna, wannan bai fi su uwa ba. Muka buga namu sharhin bayan kowa da kwana huɗu, lambobinmu kuma suka fi na kowa muni. Masu karatu suka yi mana ca, wai baƙin ciki muke yi. Da wasan ya shiga hannun jama'a suka ga abin da muka gani, ba wanda ya dawo ya ce mana sannu. Shi ko a jikinsa, ya riga ya wuce wasa na gaba.

Kai ne, Baba, wanda sunansa ba ya fita a saman sharhi, amma in lamba ta karkace kai ake nema. Kai ne ka hana mu son kai a ranakun da son kai ya fi sauƙi, lokacin da wasa ya burge mu muna so mu rufa masa asiri, da lokacin da ya ba mu haushi muna so mu ƙara masa gishiri. Mai hana ruwa gudu muke kiranka in ka ba da baya. Ba mu san kai ne dalilin da ya sa ake yarda da mu ba sai da muka fara furfura.

Abu ɗaya yake alfahari da shi a duniya, ko da yake ba ya faɗi. Shekara goma sha bakwai, shafinmu bai taɓa janye lamba ko ɗaya ba. Mun sha ba da haƙuri a kan kuskuren suna ko na kwanan wata, amma na awo, ko sau ɗaya. Ba shi da mota, ba shi da muƙami, wannan shi ne abin da zai tafi da shi gida. Da likita ya ce idanunsa da hannunsa sun isa hutu, ya sa ranar ajiye aiki, Edita har ya ba da aikin allon karramawa, an zana a jiki cewa shekara goma sha bakwai ba kuskure.

Saura mako ɗaya ya tafi abin ya faru.

Yana da wata al'ada ta ranar Litinin. Kafin ya auna komai a mako, sai ya fara auna kwamfutar kanta. Akwai wani tsohon wasa da ya ajiye don haka kawai, ya san a kan injinmu hoto casa'in da huɗu yake bayarwa. In ya ga casa'in da huɗu, inji lafiya lau, a ci gaba da aiki. In ya ga wani abu daban, a tsaya a nemo dalili. Yana rubuta wannan a littattafansa masu baƙin bango, kowace Litinin da layinta. Ranar yana jera littattafan ne don ya miƙa wa wadda za ta gaje shi, yana buɗawa yana dubawa kamar yadda ya saba, sai ya ci karo da wata Litinin, wata bakwai baya, da layinta ba komai.

Nan take ya tuna. Makon da aka yi wa maiɗakinsa aiki a asibiti ne. Ranar Juma'ar da ta gabaci makon ya buɗe kwamfutar ya ciro kayan cikinta ya goge ƙura. Akwai wasu sanduna biyu sirara kamar rula a ciki, ram ake ce musu, su ne ke riƙe wa inji abin da yake aiki a kai. Gurbi huɗu ne, kuma ƙa'ida a bar gurbi ɗaya tsakaninsu. Hankalinsa na asibiti, ya mayar da su kusa da juna. Inji ya tashi kamar lafiya, amma da rabin numfashi yake aiki. Litinin ta zo yana bakin ɗakin tiyata, bai yi awo ba. Sai Litinin ta gaba ya ga lambar ta faɗi, ya gano, ya gyara, ya sake auna duk takardun da ke kan teburinsa na wancan mako, guda uku. Ya ɗauka ya share komai. Amma wasanni huɗu aka auna a makon. Na huɗun an riga an buga shi tun ranar Laraba, takardarsa ta shige kabad, shi kuma bai waiwaye ta ba.

Wani ƙaramin wasa ne, na wani matuƙin kwalekwale da ke raba wasiƙu a garin da ruwa ya ci. Wata mata ce da ƙaninta suka yi shi su biyu, shekara huɗu suna fama. Mu kaɗai muka kula shi har muka auna, sauran shafuka daga wajenmu suka kwafa. Awonmu ya ce hoto talatin da takwas, yana faɗowa ashirin in an shiga kasuwa. Ni na rubuta sharhin. Ni na ce wasan yana tafiya kamar keken da sarƙarsa ke zamewa, na kuma ji daɗin maganar tawa sosai a lokacin.

Baba ya rufe ƙofar ɗakin gwaji, ya nemo wasan, ya ɗumama inji, ya bi hanyarsa sau uku. Sittin da uku. Sittin da uku. Sittin da biyu. Ko sau ɗaya bai cije ba. Ya cire tabarau ya ajiye. Abin da ya fi ci masa rai shi ne, matar ta taɓa rubuto mana wasiƙa cikin ladabi, ta ce ita a wajenta ba ta ganin wannan cijewar, ko za a taimaka a gaya mata yadda aka yi aka same ta. Shi ya ba ta amsa da hannunsa, layi biyu. Ya ce sau uku ya auna, kuma sau uku abu ɗaya ya gani.

Maiɗakinsa ta ba mu labari daga baya cewa ranar Asabar ɗin nan ya wuni a kujera, abinci ya huce a gabansa. Da ta matsa masa ya gaya mata, sai ta ce, "To Malam, wa ya sani ban da kai?"

Ya ce, "Ba kowa."

"Ni ce sanadi ke nan, da ciwona."

"Ke kika sa sandunan? Ni na sa su."

Ta dube shi ta ce, "Ni dai na san ka. In ka yi shiru, a gidan nan za ka zauna kana auna shi a ranka safe da yamma, ni ce zan sha wahala. Je ka faɗa musu mu huta."

Ranar Litinin ya shiga ofishin Edita, ya ce a kira ni. Ya ajiye littafin a buɗe, ya ajiye sabon awon kusa da shi, ya yi bayani a tsaye. Edita ya dafe kai.

"Baba, wata bakwai fa. An manta da wasan nan. A shiga a canza lambar shiru, shi ke nan, an yi gyara."

"Ranka ya daɗe, da muka ce ba shi da kyau a shafin farko muka faɗa. A can za mu janye."

"Saura kwana huɗu ka tafi! An gama allonka, yana cikin motata. Ka bari mana a sallame ka da mutuncinka."

"A ba wa mai allon haƙuri."

Ni ma na sa baki, kuma ina jin kunyar abin da na ce. Na ce ai ko da lambar ta yi daidai, wasan yana da wasu matsalolin, ba lallai ne ya karɓu ba. Gaskiyar magana ba wasan nake karewa ba, ba Baba ba, maganar kekena nake karewa. Ya juyo ya dube ni, ba faɗa, ba harara, gajiya ce kawai a fuskarsa. Ya ce, "Wataƙila. Amma wannan ba mu muka auna ba. Abin da muka auna shi ne ƙarya."

Ranar Laraba gyaran ya fita a saman shafi. Shi ya rubuta, sakin layi uku, ba kwana-kwana. Ya faɗi ranar da ya tsallake, ya faɗi gurbin da ya sa sandunan, ya faɗi lambar gaskiya, ya ce laifin nasa ne shi kaɗai. Ni na ƙara nawa a ƙasa na janye maganata. Masu karatu suka yi abin da suka saba. Wasu suka ce ashe dama haka muke, sauran shekarun ma wa ya san abin da aka binne. Wani ya ce tsoho ya rikice, gara da zai tafi. Baba ya zauna ya karanta su duka, ɗaya bayan ɗaya, da idanun nan nasa masu ruwa. Na ce ya bari. Ya ce suna da hakkin tambaya.

Bai tsaya nan ba. Ya nemo lambar matar ya kira ta da kansa, ya ce in tana da hali ta zo ta gani da idonta. Ta zo ranar Alhamis da hantsi, ita kaɗai, da jakar kwamfuta a kafaɗa. Ba ta wuce shekara arba'in ba, amma tafiyarta ta wadda ta daɗe ba ta huta ba ce. Ya kai ta ɗakin gwaji, ni ina tsaye a bakin ƙofa. Ya kwance murfin injin, ya nuna mata gurbi huɗun da yatsa, ya ce, "Nan ya kamata su zauna. Nan na sa su." Sannan ya kunna wasanta ya bi hanyar, kwalekwale ya ratsa kasuwa sumul, lamba tana sittin da uku a kusurwar allo.

Ta daɗe tana kallo. Ta ce, "Baba, a sake bi in gani."

Ya sake bi. Ta jawo kujera ta zauna.

Ya tambaye ta ƙanin nata. Ta ce ya bari tun wata na uku, ya samu aiki a wani wuri, yanzu ko maganar wasan ba ya so a yi masa. Sun yi faɗa sosai, don shi ya haɗa ɓangaren kasuwar, ita kuma ta ɗora masa laifi.

"Ke fa?"

"Ni ina nan ina nema." Ta buɗe jakarta ta fito da wani littafi da ya kumbura da rubutu, ta ajiye a cinya ba ta buɗe ba. "Wata bakwai, Baba. Na warware kasuwar nan sau biyar na sake ɗinkawa. Na rage mutane, na rage fitilu, na cire tsuntsaye. Kullum in na gwada sai in ga lafiya lau, sai in ce to ni ce ban iya gani ba. Da wasiƙarka ta zo ka ce sau uku ka auna, sai na daina zargin kowa. Kowa ya san awonku ba ya ƙarya. Na ce hannuna ne ba shi da kyau."

Baba ya sunkuyar da kai. Ya ce, "'Yata, na cuce ki. Ba ni da abin da zan ce sai ki yafe ni."

Ba ta ce ta yafe ba, ba ta kuma ce ba ta yafe ba. Ta share fuska da gefen mayafi, ta ce, "Ashe ba abin da ya same shi."

"Ba abin da ya same shi. Aiki ne mai kyau."

Ta mayar da littafin jaka, ta miƙe. A bakin ƙofa ta tsaya ta nemi lamba a wayarta, muna ji ta ce, "Kana ina? Ka ɗan fito waje, ina da magana. A'a, ba faɗa ba ne. Haƙuri zan ba ka."

Washegari muka sallame shi. Ba allo, don ba wanda ya san abin da za a rubuta a sabo cikin kwana biyu. Lemo muka sha a tsaye, Edita ya yi jawabi gajere ya kasa ƙarasawa. Baba ya miƙa makullin ɗakin gwaji da littattafansa, har da mai layin da ba komai, ya ce a bar shi a sama inda za a riƙa gani. Ya sauka matakala a hankali yana dafa bango. Ya tafi ba tare da abin da ya yi shekara goma sha bakwai yana tarawa ba, kuma da hannunsa ya ajiye shi.

Baba, mun gode. Mun gode da ranakun da ka mayar da mu muna ƙunƙuni, mun gode da wannan mako na ƙarshe da ya fi su duka tsada a wajenka. Na ga masu gaskiya da yawa a kan kuskuren wasu, kai kaɗai na gani a kan naka, a lokacin da shiru zai wadatar. Allah ya ba ka lafiya, ya huta da gajiyarka, ya bar ka da maiɗakinka.

Ku kuma da kuke auna aikin wasu, ko a makaranta ne, ko a asibiti, ko a gareji, ko a ofis irin namu, ku koma ku duba littattafanku. In kun tarar kun taɓa yanke wa wani hukuncin da ba nasa ba, kada ku ce ya wuce, an manta. Ku neme shi ku gaya masa da bakinku. Wataƙila yana can har yau yana neman laifi a jikinsa, laifin kuwa yana wajenku.